Yaron da Aka Ɗora a Kan Buhuna

Tun da muka dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A gidan suna, a islamiyya, har a wurin niƙa, kowa sai ya tare ni: "Asabe, ya Nijar ɗin? Da gaske burodinsu ya kai tsawon sanda?" Da gaske ne. Kwana shida muka yi a wurin ƙanwata Rabi, tana nan lafiya da 'ya'yanta, ta yi ƙiba har sai da na yi mata tsiya. Amma in zan faɗi gaskiya, ba Damagaram ke fara zuwa mini a rai ba idan aka ce tafiyar nan. Wani yaro ne da ya kusa rasa ransa a bayan motarmu, mota cike da manya, kuma ni ma ina cikin waɗanda suka yi shiru da farko. Shi ya sa na ce gara in zauna in rubuta shi sau ɗaya, kowa ya karanta.

Ni da Malam, maigidana, muka tafi. Wanda bai san shi ba, mutum ne da in aka tara maganarsa ta shekara talatin da muka yi tare, ba za ta kai tawa ta mako guda ba. Ana gobe za mu tashi ya kira ni ya ce, "Asabe, ƙasar mutane za mu. Abin da bai shafe ki ba, ki bar shi."

Na ce, "Malam, yaushe na taɓa shiga abin da bai shafe ni ba?"

Kallona kawai ya yi, ya ci gaba da ninke rigarsa.

Bayan sallar asuba muka fito bakin gadar garinmu Wudil muka shiga motar Kano. Tsarabata yaji ce da daddawa, sai babbar cikinsu, soyayyen kifin Wudil cike da bokiti mai murfi, domin Rabi ta faɗa mini a waya cewa in babu kifi kada in wahalar da kaina in zo. Daga Kano muka hau ta Daura. Bazara ce, kafin mu wuce Dambatta zafi ya riga ya sauka. Wata 'yar kasuwa da ke gefena ta mai da kafaɗata matashi tun daga Kazaure, da ta farka kuma ta ce mini na cika motsi.

A tashar Daura na fara ganin yaron, muna jiran motar kan iyaka. Ba zai wuce shekara uku ba, rigarsa ta yi masa yawa har gwiwa, ga 'yan silifas shuɗɗa. Ƙamshin kifi ya jawo shi. Ya zo ya tsuguna a gaban bokitina, bai roƙa ba, bai kuma tafi ba. Na buɗe na ɓantaro masa tsoka, na tsince ƙayar tsaf na ba shi. Kusa da mu akwai wata yarinya matashiya da hijabi ruwan toka, ta rungume ƙullin ƙwarya a cinya.

Na ce, "'Yan mata, ɗanki ne?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na gidanmu ne."

Sai na ɗauka yayarsa ce, ko ƙanwar ubansa. Ina cikin goge masa baki wani dattijo dogo ya ƙaraso da sanda da malafa, yana magana da ƙarfi irin ta wanda kunne ya fara yi wa nauyi.

"Takwara, har ka samu mata a Najeriya?"

Na ce, "Ya samu, Baba. Kuma shi na zaɓa, ya fi ka haƙora."

Tsohon ya yi dariya har sai da na ga gaskiyar maganata. Sunansa Baba Isuhu, yaron jikansa ne, sunansa aka sa masa. Mutanen wani ƙauye ne gaba da Matamai, sun zo ta'aziyya Daura su da yawa, za su koma gida. Uban yaron yana ci-rani. Yarinyar mai hijabi kuwa na ji matan suna kiranta Haule.

A Kwangwalam, kan iyaka, kowa ya sauka da kayansa. Nan Malam ya ba mu aiki. Tun daga gida ya karɓi katina na shaida ya haɗa da nasa, wai ni zan yar. Da muka isa gaban jami'in sai katin ya ce nemo ni. Ya laluba aljihun gaba, ya laluba na gefe, ya zazzage jaka, har cikin safa ya duba. Layi ya taru a bayanmu. Da abin ya ishe shi ya cire hula zai sosa kai, sai ga katunan sun zubo ƙasa. Jami'in ya juya ya yi wa abokinsa Faransanci suka yi dariya, sannan ya dawo gare ni da Hausa garau.

"Hajiya, mi ke cikin bokitin ga?"

Na ce kifin Wudil ne. Ya ɗaga murfi ya shaƙa, ya lumshe ido. Na ce ya ɗauki ɗaya, ya dafa ƙirji ya ce na gode, a kai wa mai rabo. Ban yi wa Malam gori a lokacin ba, na ajiye sai mun dawo gida.

Ni da nake zaton in mun tsallaka zan ga wata duniya, sai na ga fuskokinmu ne, jakunanmu ne, karan gero ne a kan rumbu kamar na Darki, can wajenmu. Rubutun alluna ne kawai ya juye Faransanci. Makaranta su ce lakwal, asibiti su ce likita. Gaisuwarsu kuma ba ta kai tamu tsawo ba, ina tsakiyar tambayar gajiya mutum ya riga ya amsa ya wuce.

Motar da za ta kai mu Damagaram hiyas ce ta haya, an danƙara mata buhunan masara a baya har ƙofar bayan ta ƙi rufuwa. Direban ya ɗaure ta da igiya, ya bar tazarar da hannu zai shige har kafaɗa. Aka ba Baba Isuhu gaba saboda girma, su biyu a kujera ɗaya da wani mutum. Mu muka samu layin ƙarshe: Malam a taga, ni, sai Haule a gefena, sai wata mata mai goyo. Sauran kujerun kusan duk mutanen ƙauyensu ne.

Direba ya ce, "Yaron ga ba shi da wuri. Wani ya ɗauke shi a cinya."

Ba wanda ya motsa. Na saci kallon Haule, ƙullin ƙwaryar nan ne kawai a cinyarta, abin da za ta iya turawa ƙarƙashin kujera. Ta kafe idonta a bayan kujerar gabanta. A raina na ce, yarinya ƙarama da taurin zuciya haka. Ban tsaya na dubi tawa cinyar ba, wadda na ba bokitin kifi. Har yau in na tuna wannan sai in ji kunyar kaina.

Direban ya ɗaga yaron ya ɗora shi a kan buhuna, daidai bayan kawunanmu. Baba Isuhu ya waiwayo daga gaba ya ce, "Namiji ne, ya hau!" Aka yi dariya, mota ta tashi.

Da farko yaron murna yake. Yana waƙa, yana taɓa ɗankwalina, yana cewa in ƙara masa kifi. Amma tun kafin mu yi nisa na lura hayaƙin motar ta tazarar nan yake shigowa. Idona ya fara yaji, ni da nake gaba da shi. Rana kuma ta bayan take dukan ƙarfen. Waƙar ta koma tari. Tarin ya yi ta yi, sai kuma na daina jin komai. Na waiwaya na gan shi kwance a kan buhu, fuskarsa na kallon ƙofa.

Na matsa kusa da kunnen Malam na ce, "Yaron nan bai yi mini ba."

Ya ce, "Barci yake. Danginsa ne cike da motar, Asabe."

Sai na yi shiru. Zan faɗi dalili, ba don ya wanke ni ba. Na taɓa yi wa wata mata magana a kasuwar Juma'a saboda ta bar ɗanta yana wasa a ƙarƙashin babbar mota, ta wanke ni tas a gaban jama'a, ta tambaye ni ko ni na haifa mata shi. A garinmu ke nan, inda kowa ya san ni. To ina ga nan, ni baƙuwa, ga kakansa, ga mutanen garinsu? Tsoron a ce mini "ina ruwanki" ne ya rufe mini baki, ba komai ba. Na yi ta ce wa kaina barci ne, na ƙirga ƙauye ɗaya, na ƙirga na biyu.

Sai na sake waiwayawa. Girgizar hanya ta zame da shi, ƙafarsa ɗaya ta fita ta tazarar har gwiwa, babu silifas a jikinta. Ga amai a gefen bakinsa, leɓɓansa sun yi fari. Na miƙa hannu na kama nasa, zafi rau, na sake shi ya faɗi kamar tsumma.

Na ɗaga murya na ce, "Jama'a, yaron nan na wa ne?"

Shiru. Can wata mata a layin gabanmu ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Kwana shike, Hajiya."

"Na ce ina uwar yaron nan?"

Nan ma shiru. A lokacin ne na ji an damƙi hannuna. Ta ƙarƙashin hijabi hannun ya fito, inda ba mai gani, ya kama wuyan hannuna har farce ya shiga. Na dubi Haule. Fuskarta na nan a gaba yadda take, ko ƙiftawa ba ta yi, amma hannun nan bai sake ni ba.

Nan take na gane, kuma na ji haushin kaina da ban gane tun a Daura ba. Ɗanta ne, ɗan fari. Mu ma muna da wannan kunyar a Wudil, ko da yake yaran yanzu sun sassauta ta. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban surukai, ba ta nuna ta damu da shi, in an tambaye ta ma ba za ta ce nata ba ne. Ga surukinta a gaba, ga matan garinsu kewaye da ita.

Kuma ni ce ya kamata in fi kowa sani. Nawa ɗan farin, wanda yanzu yake da nasa iyalin, har yau ban taɓa furta sunansa ba. Yana ɗan shekara huɗu muka je wanki bakin kogi da surukata, santsi ya kwashe shi ya faɗa ruwa. Ina tsaye da zane a hannu, ƙafata ta ƙi ɗaguwa saboda idon tsohuwar. Maƙwabciyata Ladi ce ta faɗa ta ciro shi. Ranar kowa ya yaba kunyata, aka ce 'yar gidan mutunci ce. Ni kuwa na fi mako ina kuka a ɓoye, kafin tafiyar nan ban taɓa gaya wa kowa ba, har Malam.

Na dangwara wa Malam bokitin, na juya na durƙusa a kan kujera na jawo yaron. Ya ƙi tahowa, ƙafar ta maƙale tsakanin buhu da ƙofa.

"Direba, tsaya! Tsaya, yaro zai mutu!"

Ya dube ni ta madubi ya ce, "Hajiya, Matamai ta kusa. A yi haƙuri."

"Ba zai kai ba! Ka tsaya!"

"Masu yaro ba su yi magana ba, ke mi naki a ciki?"

Ban san lokacin da na ce, "To ni ce uwarsa! In ba shi da uwa a motar nan, ni ce. Ka tsaya in ɗauki ɗana!"

Sai na ji an daki jikin motar da tafin hannu, har sau uku, da wata murya da ban taɓa ji ba: "Direba, an ce ka tsaya!" Malam ne. Wallahi har ni sai da na tsorata. Motar ta gangara gefe ta tsaya.

Malam da wani mutum suka kwance igiyar, na sungumi yaron na yi gindin wani gawo da shi, shi kaɗai ne mai inuwa a wurin. Baba Isuhu bai ji abin da aka yi ta faɗa ba, ganin baƙuwa ta ruga da jikansa kawai ya yi. Ya taho yana dogara sanda, ransa a ɓace.

"Ke baiwar Allah, lahiya? Wa ya aike ki? Jikana ne, ba a taɓa ganin yaro na kwana ba?"

Na ce, "To Baba, tashe shi."

Ya sunkuya ya ce, "Takwara." Ya girgiza kafaɗarsa. "Takwara, tashi ga matarka." Kan yaron ya langaɓe gefe. Sandar ta suɓuce daga hannun tsohon, ya zube a kan gwiwoyinsa yana salati.

Na tuɓe wa yaron riga, na ce a kawo ruwa. Sai ga gorar ruwa ta ko'ina, har da ta direba. Na jiƙa mayafina na lulluɓe shi, na kwantar da shi ta gefe na share masa baki. Baba Isuhu ya cire malafarsa yana yi masa fifita da hannu biyu. Malam na tsaye a kanmu yana addu'a. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Can yaron ya yi wani irin shaƙuwa, ya kelaya amai a zanena, sannan ya saki ɗan siririn kuka. Ban taɓa jin daɗin kukan yaro irin na ranar ba.

Na ɗaga kai ina neman Haule. Tana can nesa a cikin rana, ta juya mana baya, ƙullin ƙwaryar na rungume a ƙirjinta. Matan garinsu na ta sannu da barka, ba wadda ta je wurinta.

Direban, Allah ya saka masa, jikinsa ya yi sanyi. Da kansa ya ce in dawo gaba da yaron kusa da taga, kuma bai tsaya a tasha ba sai ƙofar wani ƙaramin asibiti a Matamai. Wata ma'aikaciya mai farar riga ta karɓe shi, ta yi ta faɗa rabi Hausa rabi Faransanci, hannunta kuwa na aiki. Ta ce hayaƙi ne da zafi, da an ƙara tafiya kaɗan da wani zancen ake. Ta ɗaura masa ƙarin ruwa, ta ɗauko takarda.

"Suna nai?"

Baba Isuhu ya faɗa.

"Shekara nawa? Mi ya ci yau? Ya taɓa suma?"

Tsohon bai sani ba. Sai na ji numfashi a bayan kunnena. Haule ce ta raɓo ta tsaya a bayana, tana raɗa.

"Shekara uku da wata biyu. Kunu ya sha da safe, bai shanye ba, sai kifin da kika ba shi. Bai taɓa suma ba, amma in ya yi tari da yawa ƙirjinsa na ƙara. Ya yi ƙyanda bara."

Ina ji ina maimaitawa da ƙarfi, kamar ni na sani. Ma'aikaciyar ta dube ni, ta dubi wadda ke bayana, ta ci gaba da rubutu. Ta ce sai ya kwana a ga yadda zai tashi.

Mota ba za ta jira ba. Mutanen ƙauyen suka ce za su wuce su kai labari gida. Na fito ina shirya yadda zan roƙi Malam mu tsaya, sai na tarar ya riga ya sauke jakarmu yana zaune a kanta. Bokitin kifin ne ya manta a ƙarƙashin kujera. Da muka kira Rabi ta je tasha ta karɓa, ta ce ba komai, mu taho a hankali tunda babban baƙon ya iso.

Maigadin asibitin ne ya kai mu gidan yayarsa, wata dattijuwa mai suna Mariyama. Abin da ya burge ni, ba ta tambaye mu ko su wane ne mu ba sai da muka sha fura muka huta. A Wudil da tuni mun gano garin mutum da sunan kakarsa kafin ya ajiye ludayi. Da la'asar ta kawo dambu da zogale, an zuba masa man gyaɗa da barkono mai sa hawaye, ga kuma burodin nan nasu mai tsawo, bayansa tauri cikinsa laushi. Mazan gidan suka zaunar da Malam shan shayi a 'yan ƙananan kofuna. Shi da ko lipton sai an tsinka masa, ya daure ya shanye na farko mai ɗaci, yana murna ya gama, ashe zagaye uku ake yi kuma ba a tashi a tsakiya.

Kafin magariba na ɗauki kwanon dambu na koma asibitin. Baba Isuhu na waje a kan tabarma yana jan carbi. A ciki yaron na barci, barcin gaske wannan karon, numfashinsa na tafiya daidai. Haule na zaune a ƙasa can bakin ƙofa, nesa da gadon. Na ja labule, na tsaya a ƙofar na tare ta da jikina, abin da Allah ya hore mini faɗinsa.

Na ce, "Ba mai shigowa. Je ki."

Ta ja jiki ta isa bakin gadon. Ba ta ɗauke shi ba. Ƙafar nan da ta fita waje ta kama, ta juya ta tana duba inda ƙofa ta ƙuje, tana hura masa iska a hankali.

"Inna, kin ji haushina ko?"

"Na ji, da farko. Na ce yarinyar nan ba ta da tausayi."

"Tun daga iyaka nake sauraren tarinsa. Da ya daina, na buɗe baki ya fi sau goma. In na yi magana, har in mutu ana faɗi a garinmu. A ce ga wadda ta yi ihu a kan ɗan fari a gaban surukinta. Uwata ma sai ta ji kunyar fita."

Sai na ba ta labarin bakin kogi, ita ce mutum ta farko da ta ji shi daga bakina. Muka yi kuka tare, a hankali don kada na waje ya ji. Na ce mata, "Ni ba zan ce ki yar da kunya ba, ni ma ban yar ba. Amma in rai ne, ki yi ihu, masu magana su yi ta yi. In kuma bakin ya ƙi, to ki damƙi hannun mutum tun da wuri, kada ki bari sai an wuce ƙauye biyu." Ta yi dariya cikin hawaye, ta dubi sawun farcenta a hannuna ta ce in yafe mata.

Da safe aka sallame su. Yaron ya fito a kafaɗar kakansa, ya rame a kwana ɗaya, amma yana ganina ya tambayi kifi. Mata biyu daga ƙauyensu sun iso da fura tun da hantsi, muka ɗunguma tare zuwa tasha. Baba Isuhu na gaba da yaro a kafaɗa, yana taku har Malam na haɗawa da sauri kafin ya cim masa.

A tasha ya tsaya a gabana ya cire malafa. "Hajiya, jiya na yi miki tsawa."

Na ce, "Ni ma na yi wa mota guda, Baba. Mun yi daidai."

"Allah shi ba ki aljanna." Ya mai da malafarsa.

Motar ƙauyensu a-kori-kura ce, ta riga tamu cika. Suka hau baya, Haule ta zauna a tsakanin matan nan biyu, ta ɗora ƙullin ƙwaryarta a cinya. Mai motar ya leƙo ya ce wa zai riƙe yaro. Aka yi shiru irin na jiya. Na matsa gaba, Malam bai hana ni ba.

Amma tsohon ya riga ni. Ya dafa gwiwarsa ya yamutsa fuska, mutumin da yanzun nan na ga ya tsere wa Malam a tafiya. Ya ɗaga murya yadda duk tashar za ta ji.

"Wash, gwiwar ga ta ƙi. Ke 'yar nan, aje ƙwaryar ki karɓi takwarana. Ki riƙe mini shi har gida. Aikena ne, kada ki sauke shi, ko wa ya ce."

Matan biyu suka dubi juna, aiken suruki ne. Haule ta tura ƙullin ƙarƙashin benci, ta russuna ta miƙa hannu biyu.

"To, Baba."

Ta zaunar da shi a cinyarta, fuskarta a gaba, ba yabo ba fallasa, kamar wadda aka ba ajiyar kayan wani. Tsohon ya hau ya zauna ya juya musu baya, ya kama hira da mai motar. Da motar ta fara tafiya na ga ta ja gefen hijabinta ta rufe yaron daga rana, ta sunkuyar da kai a hankali har fuskarta ta nutse a cikin sumarsa. Har suka sha kwana ba ta ɗago ba.